Gwaggon Wanki da Wasiƙar da Aka Ɓoye

A asibitin nan kowa Gwaggo yake ce mata, daga masu gadi har manyan likitoci, har da waɗanda suka girme ta. Wata 'yar ƙaramar yarinya ce ta jawo mata sunan, don kullum tana biye da ita riƙe da gefen zanenta tana "Gwaggo, Gwaggo," har mutane suka manta da sunanta na asali.

Ɗakin wanki ne wurin aikinta. Yana can ƙasan ginin, sai ka sauka matakala goma sha huɗu kafin tururi da ƙanshin sabulu su yi maka maraba. Injinan wanki uku ne a ciki, biyu suna aiki, ɗaya kullum ana jiran makanike. Akwai dogon tebur na ninke kaya, da tagogi can sama daf da rufi, waɗanda ba ka ganin komai ta cikinsu sai ƙafafun masu wucewa. Gwaggo ta shiga ɗakin nan tana da shekara ashirin da shida, bayan aurenta ya mutu ba ta haihu ba. Ta ƙware har ta kai idan ta ɗaga zanen gado ta shinshina, za ta gaya maka daga ɗakin da ya fito. Duk sabon ma'aikacin da ya zuba wa jini ruwan zafi kuwa, ranar zai ji bakinta.

Tana shekara ta huɗu a aikin, sai ƙanenta, direban babbar mota, ya rasu a hatsari. Matarsa ta bi shi bayan wata bakwai, suka bar yarinya 'yar shekara uku. Dangi suka taru a tsakar gida ana ta kewaye-kewaye, wannan ya ce ɗakinsa ya yi kaɗan, wancan ya ce sai ya yi shawara da iyalinsa. Gwaggo ta tashi ta saɓi yarinyar a kafaɗa, ta ɗauki 'yar jakar kayanta, ta ce, "Idan kun gama, ku ja mini ƙofa."

Yarinyar ta taso da surutu kamar an kunna rediyo, shi ya sa ma'aikatan ɗakin suka sa mata Carki. A kan rigunan matashin kai ta koyi ƙirga, a jikin tambarin zannuwan gado ta fara haɗa baƙi. Da ta shiga makaranta, ƙarshen dogon teburin nan ya zama nata. Nan take aikin gida, injina suna ruri, Gwaggo tana ninki tana satar kallonta.

Carki tana da shekara goma sha huɗu wata likitar yara ta sauko ɗakin wanki da kanta. Doguwar mace ce mai tabarau, 'ya'yanta duk sun girma sun watse. Ta manta ɗan littafin rubutunta ne a aljihun farar rigarta da aka kai wanki, ta biyo sawu. Sai ta tarar da yarinya ta shanya shafukan ɗaya bayan ɗaya a kan tebur, tana karantawa tana ɓata fuska.

"Ranki ya daɗe, wannan kalmar me take nufi?" in ji Carki, ko gaisuwa ba ta gama ba. "Kuma me ya sa jariri yake yin rawaya idan an haife shi?"

Likita ta zo ɗaukar littafi ne ta tafi, amma sai da ta yi rabin awa a zaune kan kwandon wanki.

Daga ranar Likita ta fara ba ta aron littattafai. Daga baya ta ce ta riƙa zuwa gidanta ranar Asabar ana yi mata bitar darasi. Gwaggo ta yi murna, ta yi godiya har da durƙusawa. Sai dai ba a jima ba wata magana ta tare a gidansu ta ƙi fita: Likita ta ce. Likita ta ce a riƙa buɗe taga. Likita ta ce kwanciya bayan cin abinci ba kyau. Wata rana Carki ta ɗanɗana miya ta ce, "Gwaggo, Likita ta ce gishiri da yawa yana kawo hawan jini."

"To," in ji Gwaggo. Ta miƙa hannu ta ƙara wani a tukunyar. "Ki gaya mata da shi na raine ki, ga ki nan kina tafiya da ƙafarki."

Suka yi dariya, amma ta Gwaggo ba ta kai ciki ba. Ranar da abin ya soke ta sosai ita ce ranar da ta tura keken kaya ta bi ta baranda, ta ji muryar Carki daga wani ofis tana cewa, "Mama Likita, na gama." Mama. Shekara goma sha uku tana wanke yarinyar nan, tana goya ta, tana kwana zaune idan ta yi zazzaɓi, ba a taɓa ce mata Mama ba. Ta koma ƙasa ta yi ta dirzar wani zane da tuni ya fita.

Wadda take faɗa wa abin da ke cikinta ita ce Mai Guga, abokiyar aikinta ta shekara ashirin. Mace ce mai daɗin baki, kuma ba abin da ta rasa: ɗanta na fari yana da shago, 'yarta malamar makaranta ce. Halinta ɗaya ne, wanda Gwaggo ta daɗe tana gani tana kau da kai. Duk ranar da aka ce an ƙara wa wani girma, ko wata ta gama gininta, Mai Guga sai ta wuni da ciwon kai.

"Ke dai kin yi sake," take ce wa Gwaggo, tana danna dutsen guga. "Ke da wahala, wata da Mama. Bari ta sa farar riga, ki gani ko za ta tuna hanyar matakalar nan."

Gwaggo takan yi tsaki ta ce a bar maganar, amma maganar ba ta barinta.

Carki ta gama sakandare, ta rubuta jarrabawar neman gurbin karatun likita kyauta a wani gari mai nisa. Mutum goma kacal za a ɗauka. An ce wanda ya ci za a aiko masa da wasiƙa ya zo a yi masa tambayoyi baki da baki. A lokacin wayar hannu ba ta yaɗu ba, gidansu kuma ba shi da akwatin wasiƙa, don haka adireshin ɗakin wanki suka bayar. Sati uku, sati huɗu, shiru. Aka ji wasu sun samu tasu. Carki ta daina surutu, ta daina cin abinci sosai, ta daina zuwa gidan Likita don kunya. Kullum tana gida, ta share, ta dafa, ta zauna kusa da Gwaggo ta ɗora kai a cinyarta kamar tana ƙarama.

Nan ne Gwaggo ta kama kanta da abin da ya tsorata ta. Tana shafa kan yarinyar tana ba ta haƙuri, amma can ƙasan zuciyarta wani sanyi take ji. 'Yarta ta dawo. Ba mai cewa Likita ta ce. Ta riƙa tambayar kanta, anya ba hassada nake yi wa 'yar ƙanena ba? Ni da ban wuce aji huɗu ba, ko baƙin ciki nake ta wuce ni? Ta rasa wanda za ta tambaya, ta rame ita ma.

Ranar wata Alhamis da safe, wajen ƙarfe tara da rabi, Gwaggo da Mai Guga ne kawai a ɗakin wanki. Mai Guga tana ta murmushi ita kaɗai tun da suka zo, kamar mai riƙe da alewa a kunci. Can ta kasa daurewa.

"Gwaggo, zo ki ji. Ni fa na yi miki maganin damuwarki."

Ta ɗaga bargon da ke shimfiɗe a kan teburin guga, ta zaro wata farar ambulan da zafi ya sa ta fara yin ja. An riga an farke bakinta.

"Sati biyu ke nan da masinja ya kawo, kin je kai kaya ɗakin tiyata. Ta ci. An ce ta kai kanta ofishinsu na nan garin yau kafin ƙarfe sha biyu, da sa hannun mai riƙonta da na wani babba da ya san ta. Sha biyu na bugawa, an rufe. Ki ja bakinki ki yi shiru na awa biyu da rabi, 'yarki ta zama taki har abada."

Gwaggo ta karɓi ambulan ɗin. Karatunta bai taka kara ya karya ba, amma ta gane sunan yarinyar. Ba za ta yi wa kanta ƙarya ba, sai da zuciyarta ta ce mata, awa biyu da rabi ne fa. Ta ga ɗakinsu ba Carki, katifa ɗaya a naɗe, kwano ɗaya a wanke. Sai kuma ta ga fuskar yarinyar a makonnin nan, yadda idanunta suka faɗa.

Ta ɗago ta dubi abokiyarta. "Ni na san abin da zan samu idan na yi shiru. Ke fa, me za ki samu?"

"Ni? Don ke na yi."

"A'a. Gaya mini gaskiya."

Murmushin ya gushe. Mai Guga ta dangwarar da dutsen guga. "To, 'yar mai wanki ce za ta zama likita? Yarinyar da muka share wa majina ta dawo tana wuce mu a baranda, mu muna ranki ya daɗe? Su wa ta fi? Ta zauna yadda kowa ya zauna mana!"

Gwaggo ta tsaya tana kallonta, sai ta ji wani nauyi da ta yi wata guda tana ɗauke da shi ya sauka daga ƙirjinta. Ashe ga yadda hassada take, ga muryarta, ga idonta. Kuma ba ita ce a cikinta ba.

"Allah na gode maka," ta ce a hankali. "Wallahi na zaci ciwonmu ɗaya. Ni kishi nake, ban musa ba. Tsoro nake kada a raba ni da abin da yake nawa. Ke kuwa ba a taɓa naki ba, ba kuma ki ce a ba ki nata ba. So kike kawai ta rasa."

Ba ta jira amsa ba. Da takalmin roba a ƙafarta, da rigar leda a gabanta tana ɗigar ruwa, ta haye matakala goma sha huɗun nan, ta ƙara da hawa uku na bene zuwa ɗakin yara, inda ba a saba ganin masu wanki ba sai da keken kaya. Wata nas ta tare ta ta ce akwai layi. Gwaggo ta ce, "'Yata, matsa, yau ba ni da lokacin layi," ta tura ƙofa.

Likita tana duba wani jariri. Ta karanta wasiƙar a tsaye, ta dubi agogo, ta sa hannu ta buga hatimi ba tare da ta tambayi komai ba. Ta ɗaga wayar ofis ta kira wurin, ta roƙa a yi musu jinkiri. Aka ce mata sha biyu sha biyu ce.

"Ba zan iya barin yaran nan ba, Gwaggo," ta ce. "Mutum ashirin ke jira na."

"Ki zauna da naki yaran. Wannan tawa ce, ni zan kai ta."

A bakin ƙofar baya ta tarar da motar ɗaukar kayan wanki, direban yana shirin kai zannuwa reshen asibitin. Dattijo ne mai sanyin jiki, wanda bai taɓa wuce wata mota a hanya ba. Gwaggo ta faɗa gaba ta ja ƙofa.

"Malam Direba, yau za ka nuna mini ko motar nan tana da giya ta huɗu."

Ya ji bayani a taƙaice, ya gyara hula, ya ce, "Carkin tamu? Riƙe da kyau."

Ƙarfe sha ɗaya saura kwata suka tsaya a ƙofar gida. Carki tana tsugune tana wanke-wanke, hannu duk kumfa. Gwaggo ta cusa mata takardar ta ce, "Kin ci. Ɗauko takardunki da rigar kirki, kya sa a mota. Kuka kuma sai mun dawo." A bayan mota, tsakanin ƙullin zannuwan gado, yarinyar ta canza kaya, mota tana jifa da ita hagu da dama, tana kuka tana dariya tana tambaya, "Gwaggo, a ina aka samo ta?" Gwaggo ta ce, "A inda ba ta da ƙafar zuwa da kanta."

Sun kusa isa suka faɗa cunkoso. Wata tirela ta lalace a tsakiyar mararraba, motoci sun yi cirko-cirko, ana ta danna oda. Sha biyu saura kwata. Direba ya nuna wani dogon gini can gaba ya ce, "Ga shi can. Ƙafa ta fi mota yanzu."

Suka dira. Mace mai shekara arba'in da biyar, da ciwon gwiwa, ta kama hannun yarinya suka zuba a guje tsakanin motoci. Takalmin roba ɗaya ya cire ya tsaya a kwalta, ba ta ko waiwaya ba. Masu talla suna ihu, wani yana cewa a kama ɓarauniya, wani yana cewa wace ɓarauniya ce da takalmi ɗaya. Suka shiga ofishin, akawu yana tattara fayil, agogon bango yana nuna saura minti shida.

Akawun ya dubi Gwaggo daga sama har ƙasa, rigar leda, ƙafa ɗaya ba takalmi, numfashi kamar zugazugi. Ya tura fom gabanta.

"Nan mai riƙo zai sa hannu. Ke ce mahaifiyarta?"

Gwaggo ta buɗe baki za ta fara dogon bayani, Carki ta riga ta.

"Ita ce."

Gwaggo ta riƙe biro da hannun nan da sabulu ya cinye, ta rubuta sunanta harafi ɗaya bayan ɗaya, ba ta bari hawayen ya ɗiga a takardar mutane ba. Aka shiga da Carki. Bayan minti arba'in ta fito, surutun da ya ɓace wata guda ya dawo gaba ɗaya, har sai da akawu ya roƙe su su ƙarasa a waje. Da sakamako ya fito, ita ce ta biyu cikin goman.

Washegari Gwaggo ta hau ɗakin yara ta mayar wa Likita da bayani. Ta faɗi yadda aka yi da wasiƙar, sannan ta gyara tsayuwa.

"Ranki ya daɗe, akwai saura. Shekara huɗu ke nan ina kishinki. Idan na ji Likita ta ce, kamar in fasa tukunya. Ranar da na ji ta ce miki Mama, ban ci abinci ba."

Likita ta cire tabarau ta yi ta dariya har da share ido. "Gwaggo, zauna. Kin san abin da nake sha? Duk abin da na koya mata, tana ganewa sai ta miƙe ta ce bari in je in gaya wa Gwaggo. Na taɓa ce mata ta kwana gidana ana ruwa, ta ce Gwaggo ba ta iya barci idan ba ta nan. Ta fita cikin ruwan. Ni ma ranar ban ci abinci ba."

"To ashe mun yi canjaras," in ji Gwaggo.

Maganar Mai Guga kuwa, Likita ta so a kai ta gaban hukumar asibiti. Gwaggo ta ce a bari, ba don tausayi kaɗai ba, don ba ta son sunan yarinyar ya shiga bakin mutane tana shirin tafiya. Amma labari ba ya ɓuya a asibiti, direba kaɗai ya isa. Mai Guga da kanta ta nemi a mayar da ita reshe. Ba ta taɓa ba da haƙuri ba, Gwaggo kuma ba ta nema ba. Idan sun haɗu a hanya Gwaggo takan gaishe ta, ta tambayi yara, ta wuce. Sirrinta dai ba ta ƙara ba ta ba.

Shekarun karatun sun yi wa Gwaggo tsawo. Ɗakin ya yi shiru kamar yadda ta ji tsoro, ta kuma yi kukanta ba sau ɗaya ba. Sai dai duk ranar Asabar Likita takan aiko a ɗauko ta, su zauna su karanta wasiƙar Carki tare, kowacce tana ƙirga sau nawa aka ambace ta. Ranar da aka yaye su Carki, Gwaggo da Likita suna jere a kujera ɗaya. Da aka kira yarinyar, Gwaggo ta miƙe ta ɗaga hannu biyu sama tana cewa, "Tawa ce! Ni na raine ta!" har mutanen layin gaba suka juyo suna tafa mata.

Yanzu Gwaggo ta yi ritaya bayan shekara talatin da ɗaya a ɗakin wanki. Carki likitar mata ce, ta yi aure, ta kama wa Gwaggo ɗaki a gidanta mai taga babba da ke kallon titi. Kishin bai bar ta ba, ta dai daina ɓoye shi. Mijin Carki, mutum mai haƙuri, idan ya shigo da tsaraba yakan fara miƙa mata ya ce, "Gwaggo, ga toshiyar baki, a ara mini matata na minti goma." Ta ce biyar dai.

Bara Carki ta haifi 'ya mace. Likita, wadda ita ma ta ajiye aiki, ta iso da sandarta tun kafin a gama shirya jaririyar, ta tarar Gwaggo ta riga ta kafa kujera a bakin gado. Nas ta fito da jaririyar a naɗe, ta tsaya tsakanin tsofaffin biyu tana duban wannan tana duban waccan.

"Ni na san yadda ake riƙe kan jariri," in ji Likita. "Shekara arba'in ina yi."

"Riƙe na mutane kika yi," in ji Gwaggo, ta miƙa hannu. "Kawo ta nan, 'yata. Idan na gaji zan ba ta."

Ba ta gaji ba sai bayan la'asar.